Ranar da Ƙarami Ya Karɓi Ragama

Asabar, 7 ga wata, 6:40 na yamma

Ruwa ya dawo, kuma da hannun nan nawa ya dawo! Ɗazu da na shigo layinmu na tarar kowane famfo yana zuba, Yaya kuwa ta cika duk wani abu mai baki a gidan nan, har da tukunyar da ta huje. Na ce, "Yaya, ki gaishe ni da kyau, ni na kawo shi." Ta ce, "To sannu, uwar ruwa. Cire min takalmin nan, yanzu na goge ɗakin." Kwana uku ina fama, ladan da na samu ke nan.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina zai daina juyawa. Gidajen famfo bakwai gare mu a ma'aikatar ruwa. Kowanne da ɗan akwatin kwamfuta a jikin bango, shi ke duba tsayin ruwa a tanki, ya kunna inji ko ya kashe. Ba ruwansu da intanet, eriyoyinmu ne ke haɗa su. A ofis akwai babban akwatin da ke ba su umarni duka, Injiniya ya raɗa masa suna Babba. A tankin kan tudu kuma akwai ɗan'uwansa, Ƙarami, wanda aikinsa kawai ya kasa kunne. Duk daƙiƙa biyu Babba zai aika masa da "ina nan". Ranar da ya ji shiru, sai ya karɓi ragama. Haka aka rubuta a takarda, haka kuma Injiniya ya koya min a shekara huɗun da na yi ƙarƙashinsa.

To ranar Laraba Babba ya ƙone. Ƙarami ya ji shirun sarai, ya yi zamansa kamar ba da shi ake ba. Akwatuna bakwai suka jira rabin awa, suka kashe injuna, kamar yadda aka tsara su in babu mai ba su umarni. Gari ya kwana uku ba ɗigon ruwa. Ni kaɗai na yi ta yawo har na samo kayan gyara, na tashi Babba.

Sauran maganar Laraba ba zan rubuta ba.

Lahadi, 8 ga wata, 4:15 na yamma

Yaya ta tambaye ni jikin Injiniya. Na ce da sauƙi. Ban je asibitin ba tukuna. Gobe.

Litinin, 9 ga wata, 1:30 na rana

Manaja ya kira ni ofishinsa. Na tarar da wani baƙo zaune da kwat a cikin zafin nan, yana ta shafa kwamfutarsa kamar mage. Ban riƙe sunansa ba, Mai Kwat ya ishe shi. Wai kamfaninsu zai kwashe akwatunanmu, a riƙa juya famfunanmu ta intanet daga wani gari can.

Na ce, "Wane intanet ɗin? Wanda ko hadari ya haɗu yake ɗauke ƙafa?"

Manaja ya ce, "Malama, ki bari in gama." Ya cire tabarau, ya murza ido. Ya ce ranar Alhamis, ashirin da shida ga wata, kwamiti zai zo. A gabansu za a zare wa Babba wuta. In Ƙarami bai karɓa cikin minti ɗaya ba, za a kwashe akwatunan, a kuma rubuta a rahoto cewa sakacin Injiniya ne ya bar gari ba ruwa.

Sakaci! Mutumin da ya hau kowace eriya a garin nan da ƙafarsa, ya ja kowace waya da hannunsa. Yanzu yana kwance, bakinsa ba ya iya haɗa kalma biyu, shi ne za a liƙa masa wannan don ba zai iya musu ba. Wallahi sai da na ji kunnuwana sun yi zafi.

Na ce, "Yallaɓai, minti ɗaya ya yi yawa." Ban san ta inda zan fara ba, amma fuskar Mai Kwat a lokacin ta biya ni.

Talata, 10 ga wata, 5:50 na yamma

Na hau tudu tun da safe. Na buɗe Ƙarami na bi shi ciki da waje: batir lafiya, eriya lafiya, saƙon Babba yana shigowa tsaf. Lafiyarsa ƙalau, ɗan banza, ƙin aiki kawai ya yi. Ina tsugune ina zaginsa sai ga maigadin tankin, dattijon nan da ya fi tankin daɗewa a wurin, ya tsaya a kaina da butarsa.

Ya ce, "'Yata, ki daina wahalar da bakinki. Ai wannan ba ya tashi sai an murɗa masa makulli."

Na ce, "Wane makulli kuma, Kawu?"

Ya nuna min gefen akwatin, ta wajen bango. Ga wata 'yar kafar makulli nan, an shafe ta da fenti kalar akwatin. Shekara huɗu ina goge ƙurar akwatin nan ban taɓa ganin ta ba.

Ya ce, "Injiniya ne ke zuwa a babur. Ya shigo a guje, ya murɗa, fitila ta koma kore, ya roƙe ni ruwa ya sha, ya tafi. Wani lokaci da silifas, wani lokaci hannunsa ko wankewa bai yi ba."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun shekarar da tankin nan ya yi ambaliya ya tafi da katifata da rediyona. Shekara shida ke nan."

Sai na zauna daɓas a ƙasa. Daga gidan Injiniya zuwa tudu minti shida ne a babur, akwatuna kuwa rabin awa suke jira kafin su kashe injuna. Shi ya sa ba wanda ya taɓa lura. Duk shekarun nan muna bugun ƙirji wai na'urarmu da kanta take canjin hannu, ashe wani dattijo ne a kan babur.

Na gano! Kwana ɗaya tak, na gano abin da ya hana Ƙarami tashi. Ya kamata in yi murna, kuma na yi, har rawa na taka wa Kawu. Sai da na sauko gindin tudu, daidai inda mai lemu ke ajiye tirensa, na tuna a nan aka tsinci Injiniya a faɗe ranar Laraba. Yanzu na san inda za shi.

Laraba, 11 ga wata, 11:40 na safe

Sati ɗaya cif. Na goge su daga wayata, amma ina ganin su. Kira uku ne.

Alhamis, 12 ga wata, 3:20 na yamma

Na je gidansa, ba asibiti ba. Na auna lokacin da na san Mama, matarsa, tana dawowa ɗaukar kaya. Na same ta tana ninke rigunansa. Na gaishe ta ina kallon ƙasa, na ce makullan babur na zo nema.

Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta ɗauko su a kan firji, ga ɗan makullin nan a tsakiya, duk ya goge don sabo da hannu. Ta haɗa min da wani littafi mai baƙin bango. Ta ce, "Wannan ma na tudun ne. Shekara shida, 'yar nan, mutumin nan bai san ya ci abinci da zafinsa ba. Wayar nan za ta yi ƙara, ya duba, ya ajiye cokali, sai dai in ji tashin babur. Ranar da 'yarmu ta gama makaranta ma, ana kiran sunanta ya fice."

Na ce, "Allah ya ba shi lafiya, Mama."

Ta ce, "Amin. Ba ki zo kin gan shi ba."

Na ce aiki ne ya yi min yawa. Ta dube ni, ta ci gaba da ninkinta.

Alhamis ɗin dai, 6:05 na yamma

Na karanta littafin. Sau arba'in da uku. Kowanne da rana, da lokaci, da kalma uku: "Na je, na murɗa." To, huɗu ne, ban iya lissafi ba yau.

Shafin farko ne ya bayyana komai. Shekarar ambaliya iska ta karkatar da eriyar da ke tsakanin ofis da tudu. Ƙarami ya daina jin "ina nan", ya ɗauka Babba ya mutu, ya karɓi ragama, alhali Babba na nan da ransa yana ba da umarni. Wannan ya ce a kashe, wancan ya ce a kunna, har tanki ya cika ya tumbatsa. A ƙasa Injiniya ya rubuta: "Ba zan ƙara barin sa ya yanke hukunci shi kaɗai ba." Sai ya sa masa makulli, ya mai da kansa mai yanke hukuncin, bai gaya wa kowa ba. Taurin kai dai irin nasa.

Shafin ƙarshe ranar Talata ne, ana gobe abin zai faru. Layi ɗaya: "A yanka wa 'Yar Gardama makulli na biyu." Ni ce 'Yar Gardama, haka yake kira na. Ranar Talatar nan ce na tsaya a gabansa na ce shekara huɗu ina riƙe masa tsani kamar 'yar aike, ba ya yarda da kowa sai kansa, na buga ƙofa na fita.

Ba zan rubuta ba.

Juma'a, 13 ga wata, 7:10 na safe

Yaya ta gaji da ganin ina zagaye tsakar gida ina magana ni kaɗai. Ta ce in faɗa mata ko in yi shiru. Na ce, "In na cire makullin, wata rana su biyun za su yi rigimar shugabanci, tanki ya yi ambaliya. In na bar shi, sai mutum ya je da ƙafarsa. Kin gane?"

Tana wanke kofi ta ce, "To ku sa musu na uku mana, ya riƙa raba su. Ni da ke ma in ba don Inna ba da tuni mun cinye juna."

Na ce, "Abin da nake shirin faɗa ke nan."

Ta ce, "Na sani, a bakinki na tsinta."

Allah ya yi wa Yaya albarka, ko da yake ba zan faɗa mata ba, kanta zai kumbura. Akwati na uku, wanda ba ya juya famfo ko ɗaya, aikinsa kawai ya ce ga wanda nake ji. Su uku, duk wanda ya samu biyu shi ke da ragama. Wanda ya tsinci kansa shi kaɗai ya kama bakinsa, ko da Babba ne. Na riga na raɗa masa suna: Alƙali.

Litinin, 16 ga wata, 2:45 na rana

Na tono wani tsohon akwati a sito, ƙarƙashin tayoyin da suka mutu. Na kakkaɓe shi, na canza masa batir, ya buɗe ido. Kwana uku ina rubuta masa ƙa'ida. Yau su ukun suka gaisa a allon kwamfutata. Na hau tudu, na murɗa makullin Injiniya, na zare shi a murɗe, na rataya a wuyana.

Kawu ya ce, "Yanzu in ya tashi yi mana ambaliya fa?"

Na ce, "Ɗaga katifarka sama, Kawu, amma ba za ka buƙata ba."

Talata, 17 ga wata, 12:10 na rana

Kunya! Na kira Manaja da bakina ya zo ya ga gwaji, ashe Mai Kwat na ofishinsa, suka taho tare. Na sa Kawu a waya yana kallon fitilar Ƙarami. Na kashe soket ɗin Babba da yanga, har ina juya hannu.

"Kawu, wace kala?"

"Ja."

Minti ɗaya. "Yanzu fa?"

"Ja ce, 'yata. Ko in hura mata iska?"

Minti uku ina tsaye gumi na bin bayana. Sai na waiga na ga Alƙali a kan tebur, fitilarsa a mace. Don ƙyuya na ajiye shi kusa da Babba, na jona su a soket ɗaya. Na kashe Babba, na kashe mai raba gardamar tare da shi. Ƙarami ya ga shi kaɗai ne, ya kama bakinsa, daidai yadda na koya masa.

Mai Kwat ya ce, "Kada ki damu, Malama, irin wannan aikin sai kamfani." Manaja ya juya ya fita. Fitar tasa ta fi min ciwo.

Da Injiniya na nan da ya ce, "'Yar Gardama, kan naki na ado ne?" Wallahi da na so in ji.

Laraba, 18 ga wata, 11:40 na safe

Sati biyu.

Alhamis, 19 ga wata, 6:30 na yamma

Na kai Alƙali gidan famfo na huɗu, na bayan kasuwa. Layin wutarsa daban, batirinsa daban, kuma daga saman ƙarfen eriyarsa ana hango ofis ana hango tudu. Na ɗaura igiya a ƙugu na hau da kaina, na kafa eriya biyu, ɗaya na kallon Babba, ɗaya na kallon Ƙarami. Masu kayan miya suka bar ciniki suna kallo na. Wata ta ɗaga murya ta ce, "Baiwar Allah, ba maza a ma'aikatar taku ne?" Na ce, "Akwai, suna ƙasa suna riƙe da kwat!"

Tafin hannuna duk ya sale. Ko a jikina.

Juma'a, 20 ga wata, 10:05 na safe

Ba wanda na gayyata yau. Ni da soket, Kawu a waya. Na kashe.

"Ja... ja... ja... Kai! Kore! 'Yata, kore! Ba wanda ya taɓa shi, na rantse, hannuna na cikin aljihu!"

Daƙiƙa goma sha huɗu. Na yi ihun da ya sa mai shara ta yar da tsintsiya ta leƙo. Na rungume ta, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Famfo bakwai suna ta aikinsu, ko ɗaya bai yi tari ba.

Asabar, 21 ga wata, 5:00 na yamma

Sau tara na gwada yau. Sha huɗu, sha uku, sha biyu, sha biyu, sha ɗaya. Daga nan ya tsaya a sha ɗaya. Na zare wayar eriya ma, irin abin da ya faru shekarar ambaliya. Babba ya ga shi kaɗai ne, ya yi shiru da kansa. Katifar Kawu a bushe.

Kawu ya ce in ƙara kira ya ce "kore" sai na saya masa maganin maƙogwaro.

Litinin, 23 ga wata, 4:40 na yamma

Mama ta kira. Na daɗe ina kallon wayar tana ƙara. Wannan karon na ɗaga.

Ta ce an sallame su, suna gida. Ɓarin damansa bai dawo ba, magana kuma sai kalma ɗaya ɗaya. Sai ta ce, "Wayarsa tana hannuna tun ranar. Na ga wanda ya kira a ƙarshe, na ga ko sau nawa." Ta ce, "Ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan gaya ba. Ki zo duk da haka. Kullum in an taɓa ƙofa sai ya juya."

Na ce sai bayan Alhamis. Ba zan shiga ɗakin nan hannu rabbana ba.

Laraba, 25 ga wata, 11:40 na safe

Sati uku. Gobe za su tambayi abin da ya hana Ƙarami tashi ranar. Zan iya cewa matsalar na'ura ce, na gyara, ba wanda zai gane. Tun safe nake gwada faɗin haka a gaban madubi, bakina ya ƙi.

Alhamis, 26 ga wata, 5:25 na yamma

Bari in rubuta a tsanake, don ina so in riƙa karantawa har in tsufa.

Su biyar suka zo, shugabarsu wata dattijuwa mai sanda, wadda ba ta dariya. Manaja ya ce in kashe. Na ce, "A'a, Yallaɓai, kada a ce na yi wani siddabaru. Ranki ya daɗe, ga soket nan." Ta dube ni ta saman tabarau, ta sa kan sandarta ta danna. Fitilar Babba ta mutu. Na ɗora waya a tebur, muryar Kawu ta cika ɗakin, yau har da gyaran murya.

"Ja. Ja. Ja."

Mai Kwat na kallon agogonsa. Ni ban kalli komai ba, a zuciya nake ƙirgawa. Takwas. Tara. Goma.

"Kore! Ku gaya wa manya kore ce!"

Shugaba ta ce, "Nawa?" Mai Kwat da bakinsa ya ce, "Sha ɗaya." Kai, wannan "sha ɗaya" ta fi min duk wata waƙa daɗi.

Bai haƙura ba. Ya ce wannan mai sauƙi ne, in hanyar da ke tsakaninsu ce ta yanke alhali duka suna raye fa? Ai nan irin wannan tsari yake kashe kansa. Allah sarki, bai san kwana shida nake addu'a ya yi wannan tambayar ba. Na mayar da Babba, na miƙa wa Mai Kwat wayar eriya na ce, "Zare da hannunka." Ya zare. Babba ya nemi 'yan'uwansa bai ji kowa ba, ya yi shiru. Ƙarami da Alƙali suka haɗa baki. A allo mai umarni ɗaya ne tak. Manaja ya manta da kansa ya buga tebur ya ce, "Yauwa!"

Sai Shugaba ta ce, "To me ya hana Ƙarami yin haka ranar Laraba?"

Na ciro makullin daga wuyana na ajiye, na ajiye baƙin littafin kusa da shi. Na ba su labarin ambaliya, da makulli, da babur. Na ce kuskure ne da Injiniya ya ɓoye, ba zan kare shi a nan ba. Amma na karanta musu ranakun ɗaya bayan ɗaya, arba'in da uku, har da ranar da 'yarsa ta gama makaranta. Na ce sau arba'in da uku garin nan ya kusa rasa ruwa, ba wanda ya sani, don wani ya ajiye cokali ya hau babur.

Sauran kuma, tunda na faɗa a gaban mutum bakwai, bari in rubuta.

Ranar Laraba, sha biyu saura minti ashirin, saƙo ya shigo wa Injiniya cewa Babba ya yi shiru. Ya hau babur. A gindin tudu ya ji jikinsa ya saki, ya tsaya. Bai kira matarsa ba, bai kira likita ba. Ni ya kira, sau uku cikin minti huɗu, don in zo in karɓi makullin. Ina zaune a kantin gyaran waya, na ga sunansa, na kifa wayar, don ina fushin jiya. Da na ɗaga, da gari bai rasa ruwa ba, da kuma bai yi awa guda a ƙasa ba kafin a kai shi asibiti.

Na ce, "Ranki ya daɗe, in za a rubuta sakaci, da sunana za a fara."

Shugaba ta daɗe tana juya makullin a hannunta. Ta ce akwatuna suna nan daram. Ta ce a rahoto za a rubuta cewa tsarin yana da gibi, an toshe, kuma kwamiti zai aika wa Injiniya takardar godiya. Ni kuma takardar gargaɗi, saboda ƙin ɗaga wayar aiki. Ta ce daga yau duk Asabar ƙarfe ɗaya a riƙa zare wa Babba wuta da gangan, kada a ƙara shekara shida ana yarda da takarda.

Na karɓi gargaɗina da hannu biyu. Mai Kwat ya tattara kwamfutarsa, a bakin ƙofa ya tambaye ni yadda na tsara Alƙali. Na ce ya tambayi Yayata.

Juma'a, 27 ga wata, 7:00 na safe

Na yi barci kamar an zare min wuta. Yaya ta liƙa takardar gargaɗin a jikin firji, wai ita ce shaidar kammala karatuna.

Asabar, 28 ga wata, 4:50 na yamma

Na je.

Yana zaune a kujerar falo, an tokare shi da matashi, ya rame, hannun damansa a kan cinya kamar ba nasa ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ce." Duk jawabin da na haddace a hanya ya gudu. Na ce, "Na ga kiranka. Ban ɗaga ba. Ka yafe min." Ya daɗe yana kallo na. Ya ɗaga hannun hagu ya dungure min kai, kamar yadda yake yi in na jona waya a baibai. Na yi kuka sosai, ba na jin kunyar rubutawa.

Mama ta kawo masa abinci, tana ba shi a baki yana harararta, sai ya ƙwace cokalin da hagu. Ni kuma ina ta zuba, ina ba shi labarin Alƙali da Mai Kwat. Na shirya in ƙarfe ɗaya ta yi in nuna masa gwajin a wayata, don Manaja ya ce shi zai kashe soket yau da kansa. Abin da na manta shi ne ban cire lambar Injiniya daga masu samun saƙo ba.

Ƙarfe ɗaya daidai wayarsa, wadda yau Mama ta mayar masa, ta yi ƙara a kan tebur. Ya san ƙarar. Kafin mu ankara ya ajiye cokali, hannun hagunsa na lalube a aljihu, yana ta yunƙurin tashi da ƙafa ɗaya, bakinsa na cewa, "Tudu... tudu..." Mama ta dafe ƙirji.

Na riƙe hannun. Na ce, "Zauna, Baba. Ƙirga tare da ni."

Yana ja ina riƙewa. Na fara da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku. Wajen shida ya daina ja. Wajen takwas na ga leɓensa na motsi tare da nawa. Muna cewa sha ɗaya wayar ta sake ƙara. Na ɗauko na kai masa daidai ido: Ƙarami ya karɓa.

Ya karanta. Ya sake karantawa. Ya dube ni ya ce, "Wa... ya je?"

Na ce, "Ba kowa."

Na ciro makullin na sa masa a tafin hannu. Ya juya shi, ya juya, sai ya miƙa wa Mama, ya nuna mata saman firji. Ya ce da ni, "Gardama," yana dariya da rabin bakinsa.

Mama ta taɓa kwanon ta ce, "Bai huce ba." Ya ɗauki cokalinsa. Muna zaune ni da ita muna kallon sa har ya cinye tas.